Motar da Ba Ta Tari

Na'Allah ya danna hon har yatsansa ya sage, amma ko ganyen gero bai motsa ba. Ya leƙo da kai ta taga ya dubi gindin tsamiyar Tungar Yero, inda mutanen ƙauyen suka saba hawa motarsa shekara da shekaru, bai ga kowa ba. Ya sake dannawa, ya dubi agogo. Ƙarfe takwas da rabi ta gota.

Ba fasinja ne suka dame shi ba, ko da yake yana son su. Inna Tasalla ya zo ɗauka, ƙanwar mahaifiyarsa, wadda ta goya shi bayan uwar ta rasu. Shekara shida ke nan yanar ido ta rufe mata idanu biyu, sai da 'yarta Sa'adiyya ta ja ta take zuwa ko bayan ɗaki. Yau kuwa likitocin ido sun sauka a Isa, na kwana ɗaya tak. Za su rubuta sunaye zuwa ƙarfe sha biyu, su yi aiki, su kama hanya kafin la'asar, don ba mai hankalin da zai bari yamma ta same shi a kan hanyar nan. Tun mako biyu da suka wuce Na'Allah ya ce wa tsohuwar ta shirya, ta jira shi a inda aka saba, shi da kansa zai kai ta gaban likita.

Ya zo kuwa, har da ƙari. Kwana tara da suka wuce giyar tsohuwar bas ɗinsa ta mutu murus, ya sayar da bijimai biyu da albasarsa ta rani, ya haye Maraɗi. Jiya da yamma ya shigo Sabon Birni da 'yar Kwatano fara fat, mai shan dizal, mai turbo, wadda in ka taka ta sai ta ja numfashi ta yi wata siririyar busa kamar usur, ta ɗauke ka kamar ba ka da nauyi. Waya ba ta shiga Tungar Yero, amma da ya so aika saƙo da baki, da ya sami mai kaiwa. Bai so ba. Shi dai a ransa, in aka buɗe wa Inna ido, motar nan ce za ta fara gani. Na'Allah mutumin kirki ne, sai dai yana son a ce ya yi abin a zo a gani, kuma wannan hali ya sha ja masa.

Ya sauko ya bar ƙofa buɗe, ya tsallake lambatu ya kutsa cikin gero. Geron ya fi shi tsawo, ya yi kai, raɓa ta jiƙa masa riga. Taku kamar talatin ya tarar da wurin da suke zaman jira: ƙasa ta kwanta inda aka shimfiɗa tabarma, ga ɓawon gyaɗa ɗanye, ga kashin rago bai ko bushe ba, ga silifa wari guda an bar shi kife. Mutane suna nan yanzun nan, da suka ji shi suka zame.

"Inna! Ni na, Na'Allah! Sa'adiyya! Ku hito, lokaci na tahiya!"

Shiru. Ya ƙara kutsawa yana kira, can nesa ya ji kara ya karye, sai kuma wani can gaba. Duk takun da ya yi, su ma sun yi biyu. Ya tsaya yana haki, haushi ya cika masa ciki, ya buɗe baki zai yi zagi, sai abin ya faɗo masa. Ya dafe kai da hannu biyu.

Shekara uku da suka wuce, mutanen daji sun tare wani direba a hanyar nan, suka ɗora masa bindiga a ƙeya, suka sa shi ya riƙa tsayawa ƙauye ƙauye yana kiran fasinjansa da sunansu, cikin wata mota da suka ƙwato. Waɗanda suka amsa kiran, wasu har yau ba a gan su ba. Tun daga lokacin mutanen Tungar Yero suka daina tsayawa bakin hanya. Cikin gero suke zama, ko cikin sabara in rani ne, ba sa ganin hanya, hanya ba ta ganinsu. Inna Tasalla ce mai saurare, don tun da idon ya tafi kunnenta ya zama abin tsoro: tana jin bas ɗin Na'Allah tun daga nesa, da rurin salansarta mai huji, da tarin nan biyu da take yi in ya sauke giya a kan kwalbati. In ta ce shi ne, a fito. In ta ce ba shi ba ne, a nutsa. Wanda ya kafa musu dokar kuwa, a gindin tsamiyar nan, da yatsa a sama, shi ne Na'Allah. Ya ce musu ko muryarsa suka ji tana kiran sunan uwayensu, muddin ba kukan motarsa suka ji ba, kada wanda ya fito. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Ya yi tunanin bin su da ƙafa har ƙauye, ya ga wauta ce. Ƙauyen na bayan fadama, tafiyar awa guda cikin taɓo, kuma wanda ya ji tsoro ba gida yake gudu ba. Ya koma mota ya ja ƙofa da ƙarfi, ya juya ta sai garejin Kamalu da ke kusa da Turba. Motar na busa masa a hanya cikin nishaɗi, shi kuwa ji yake kamar ya ciro abin ya jefar.

Kamalu bakanike yana ƙarƙashin wata a-kori-kura, ƙafafunsa kawai ake gani. Da ya ji busar sai ya zamo waje yana murmushi, ya fara zagaya motar yana shafa ta yana yi wa Na'Allah barka da arziki. Na'Allah ya katse shi, ya ce ba barka ya zo karɓa ba, ya buɗe gaban ya kashe masa wannan busar yanzu, ya kuma huda salansar ta yi ruri kamar ta da.

Kamalu ya dube shi kamar wanda aka ce ya yanke wa lafiyayyen doki ƙafa. Ya ce busar ba cuta ba ce, lafiyar motar ce. Ya ɗauki tsinke ya zana masa a ƙasa: hayaƙin da tsohuwar bas take zubarwa a banza da rurinta, wannan tare shi take yi, ya juya wata 'yar fanka, fankar ta ɗura wa inji iska da ƙarfi. Juyawar fankar ita ce busar. Shi kuma hayaƙin, kafin ya kai salansa fankar ta riga ta shanye masa fushi, shi ya sa ba ta da ruri. Ko da ya huda salansar gida goma, dizal ba zai yi muryar fetur ba, busar ma sai ta ƙara fitowa. In kuma ya cire turbon, to sai dai Na'Allah ya ajiye motar ya zuba mata kaji.

"Ni ba karatu niz zaka ɗauka ba, Kamalu. Inna na cikin gero, sha biyu za a ruhe suna."

Sai a lokacin Kamalu ya daina murmushi. Ya san Inna Tasalla, ya san dokar, ƙanwar matarsa ma a Tungar Yero take aure. Ya goge hannu da tsumma, ya juya ya dubi bayan gareji. Tsohuwar bas tana can inda aka jawo ta, ƙarƙashin bagaruwa, tsuntsaye sun yi mata ado. Kamalu ya ce giyarta ce ta mutu, injin bai mutu ba. Ba ta iya tafiya, amma tana iya kuka.

Abin da ya biyo baya, in aka ba Na'Allah labarinsa jiya da ya yi dariya har ya faɗi. Batirin bas ɗin an riga an ara wa wani mai injin niƙa, sai da aka kwance na a-kori-kura. Tankinta ba ko ɗigo, sai da Kamalu ya hau babur ya nemo mai wajen 'yan bumburutu, na farko ya ce ya ƙare, na biyu ya tafi gona. Taya guda ta sace, aka buga mata iska da famfon hannu, Na'Allah na bugawa yana duba agogo. Sarƙar ja kuwa wani ya ɗauka tun Sallah bai dawo da ita ba, sai igiyar ɗaurin kaya aka ninka uku. Da suka fita gareji, sabuwa a gaba, tsohuwa a baya, Kamalu a sitiyarinta, ƙarfe goma da kwata ta yi.

Ja kam ta ja. Na'Allah bai taɓa jin ƙarfi irin wannan ƙarƙashin ƙafarsa ba, motar tana jan bas guda ba ta ko nishi. Wannan ne ya ruɗe shi ya ƙara takawa, turbon ya ja iska ya fizga, igiya ta tsinke tas, wutsiyarta ta dawo ta fasa masa fitilar baya. Motar da ko kwana ɗaya ba ta cika a hannunsa ba. Bai ko kalli fitilar ba, ya durƙusa yana ƙulla igiya, Kamalu na tsaye a kansa yana gaya masa cewa wannan ba irin waccan ba ce da sai ka taka ta har ƙasa kafin ta san da kai, wannan jinkiri take ɗan yi sannan ta zabura gaba ɗaya, a hankali ake lallaɓa ta. Na'Allah ya ce ya ji. Sauri ya haifi nawa, sauran tafiyar suka yi ta kamar masu rakiyar gawa.

Kafin kwalbati akwai ɗan tudu, daga nan hanya ta gangara har tsamiya. Nan suka tsaya. Kamalu ya ce in sabuwar ta ƙarasa da kaya a bayanta dole ta busa, kuma kunnen Inna ba zai rasa ta ba ko da cikin rurin tsohuwar ne. Suka kwance igiya, suka bar sabuwar a bayan tudu. Kamalu ya miƙa wa Na'Allah makullin bas ɗin, ya ce ya shiga da kansa, don Inna ba injin kaɗai ta sani ba, ta san ƙafar mai taka shi.

Na'Allah ya zauna a kujerar da ya huda da zaman shekara goma sha tara. Ya murza makulli, ta yi gardama, ya sake, ta kama da ruri da baƙin hayaƙi. Kamalu, mutum mai 'ya'ya bakwai da tumbi, ya sa kafaɗa a bayanta yana tura yana salati, har ta kama gangara. Na'Allah ya ba ta wuta kamar mai tafiya da gaske, da ya hau kwalbati ya ɗaga ƙafa yadda ya saba, bas ɗin ta yi tarinta biyu. Ta gangara a hankali, da ƙara kamar za ta tashi sama, ta tsaya a gindin tsamiya.

Minti biyu babu komai. Sai gero ya fara motsi. Wani dattijo ya fito da rago, mata biyu da ƙwaryar nono, sannan Sa'adiyya, takalmi wari guda a ƙafa, tana riƙe da sandar da mahaifiyarta ke riƙe da ɗaya bakin. Inna Tasalla ta saki sandar, ta miƙa hannu tana lalube har ta kama fuskar Na'Allah, ta shafa goshi da kunne da gemu. Fuskarta duk hawaye ya bushe a kai.

"Ɗana, kai na? Ɗazu wata mota tat tsaya nan, mai busa, munka ji muryakka cikinta. Nic ce sun kama ka. Nic ce kowa shi yi shiru, wada kac ce muna."

Sa'adiyya ta ce tun safe tsohuwar take kuka ba sauti, tana jin yana kiran sunanta tana toshe bakinta da gyale don kada ta amsa. Na'Allah ya tsaya da haushinsa na awa uku a ciki, ya rasa wanda zai sauke wa. Kunya ta kama shi, irin wadda ba ta taɓa kama shi ba. Ya gaya musu gaskiya a gajarce, motar tasa ce, laifin nasa ne, su taho. Dattijon mai rago ya fara tambayar to wannan da suka ji fa, Na'Allah ya ce labarin sai a hanya. Kamalu ya kawo sabuwar, aka cusa kowa, rago ma aka ɗaga shi. Shi Kamalu ya ce zai zauna da tsohuwar bas har a dawo, kada a dawo a tarar da ita ba taya. Ƙarfe sha ɗaya da rabi saura kaɗan.

Daga tsamiya zuwa Isa, tsohuwar bas awa guda da 'yan mintoci take yi. Na'Allah ya taka sabuwar kamar yana fushi da ita, ta busa ta miƙe, matan baya suka riƙe ƙwaryarsu suna kiran sunan Allah. Inda kwalta ta rage ta yi gudu, inda ruwa ya cinye hanya dole aka lallaɓa, a shingen jami'an tsaro kuma aka sauke kowa, don motar baƙuwa ce, takardunta ma sababbi, sai da aka duba su ɗaya bayan ɗaya. Na'Allah yana tsaye yana murmushin dole, gumi na bin bayansa. Sun shiga Isa sha biyu da minti ashirin da biyar.

Harabar da likitocin suka sauka cike take da tsofaffi a kan tabarmi, wasu an riga an manna musu farin auduga a ido guda, jikoki na yi musu fifita. A bakin ƙofa wani ma'aikaci mai farar riga yana naɗe takardunsa. Na'Allah ya ja Inna har gabansa, ya yi sallama, ya yi bayani, ya ƙara bayani, har da labarin igiya da kwalbati, wanda da ya ji shi a bakinsa sai ya ji kamar tatsuniya. Mutumin ya saurare shi har ƙarshe, bai yi masa tsawa ba. Ya ce ba agogo ne kaɗai ya rufe ba, kayan aikin da likitocin suka zo da su an ƙidaya su daidai da mutanen da aka rubuta, na ƙarshe an ba wata tsohuwa daga Alkalawa minti goma sha biyar da suka wuce. Ya nuna masa wasu mutum takwas a gindin bango, ya ce su ma haka. Ya shiga ciki don Na'Allah ya ga ya gwada, ya fito yana girgiza kai. Ya ce ana sa ran za su dawo baɗi, in hanya ta yi kyau.

Na'Allah ya fita waje ya tsaya gaban motar. Fara fat, tana sheƙi cikin rana, yara da manya sun kewaye ta suna kallo, wani direba yana tambayarsa ko mai turbo ce. Da za a ba shi gatari a lokacin, Allah kaɗai ya san abin da zai yi.

Inna Tasalla ba ta ce komai ba game da ido. Ta ce a saya mata ƙosai, ta ci biyu ta ba Sa'adiyya sauran, ta yi azahar a zaune. Da aka tashi komawa, bayan masu nono sun sayar da nononsu, ta ce a gaba za ta zauna. Duk tsawon hanya ta karkata kai wajen taga. Sau ɗaya Na'Allah ya fara ba ta haƙuri, ta ɗaga masa hannu ta ce ya yi shiru, yana hana ta ji.

Suka iso tsamiya rana ta karkata. Kamalu ya taso daga inuwar tsohuwar bas, ya dubi idon Inna, ya dubi Na'Allah, bai yi tambaya ba. Mutane suka sauka suka shige gero. Inna ce ta sauka a ƙarshe, amma ba ta bi su ba, ta ce wa Sa'adiyya ta kai ta wurin zamanta ta shimfiɗa mata tabarma. Na'Allah ya ce yamma na yi, su wuce gida, gobe ma rana ce.

"Kukan motar nan daga ciki daban, daga waje daban," in ji ta. "Baɗi da nisa, ɗana, kuma mutane na da kasuwa jibi. Koma bayan tudu ka taho wada za ka riƙa tahowa. Kak ka yi sauri wurin kwalbati, nan za ni riƙe kukanta."

Gero ya rufe bayansu. Na'Allah ya shiga mota ya zauna, hannu a kan sitiyari, sai da ya goge idonsa da hula kafin ya iya ganin madubi. Ya sa giyar baya, ya koma bayan tudu.